Albasar wan mijina da kuɗin ƙungiyarmu

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano. Mu mata 42 ne a unguwarmu muka kafa ƙungiyar gama kai. Muna zubi duk wata, a sayo kayan abinci a kan sari, a sayar wa 'yan ƙungiya da sauƙi, abin da ya rage a sayar wa maƙwabta. Bana aka ɗora mini sayayya. Wan mijina yana noman rani, ya cire albasa mai yawa, sai ya tarar kasuwa ta faɗi. Ya aiko mini in sa ƙungiya ta kwashe duka, mu ajiye zuwa kaka mu ci riba ninki. Surukata ta kira ni ta ce ai ɗan'uwa ya fi bare. Shugabarmu ma maganar ta kwanta mata, ta ce ajiya ba ta faɗuwa. In muka saya, kusan duk abin da ke asusu zai tafi, alhali mata da yawa masara da wake suke so. Anti, na kasa barci. In na ƙi na ɓata da dangin miji, in na yarda aka yi asara da wane ido zan kalli matan nan? Yaya zan yi, kuma yaya ake zaɓen abin da ƙungiya za ta saya?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da amsar da kike jira, ko kya samu ki runtsa yau: kada ki kwashe albasar nan da kuɗin ƙungiya.

Ban ga laifin wan mijinki ba. Mutum ne da ya yi wata da watanni yana ban-ruwa, ya sayi man inji da tsada, ya sayi taki, ya biya 'yan ƙwadago, ranar da ya cire amfani kuma kowa ya cire nasa, kasuwa ta cika ta batse. Dole ya waiwayo gida. Amma kuɗin da ke hannunki na mata 42 ne, kuma na tabbata a cikinsu akwai wadda sai da ta matse cefanen gidanta kafin ta cika zubin wata. Amana aka ba ki. Alherin da za ki yi wa dangin miji, da aljihunki za ki yi shi ko da bakinki ko da ƙafarki.

Gaskiya ne albasa tana araha daga Fabrairu zuwa Afrilu, tana kuma tsada wajen Oktoba zuwa Disamba, kuma akwai masu cin riba a tsakanin. Sai dai ki duba su waye. Mutanen Aliero a Kebbi da na Galmi a Nijar sun gaji abin nan kaka da kakanni. Suna da rumfunan ajiya da iska ke ratsawa ta ƙasa da ta gefe, sun san irin da ke jure ajiya, kuma ba sa barin ta haka nan, kullum ana shiga ana tsince wadda ta fara laushi. Duk da haka su ma suna zubar da mai yawa. Albasar da aka cika wa takin zamani aka yi ta ba ta ruwa har gab da cira, ga ta manya-manya gwanin sha'awa, wuyanta kauri, ita ce ke fara ruɓewa. Ki matsa wuyan da yatsa, in kika ji laushi da danshi, wannan ba ta ganin damina. Ɗaya in ta ruɓe sai ta jiƙa na kusa da ita, kafin mako ya zagayo warin ya fito da ke daga ɗakin. Wadda ta tsira kuma ko ta yi tsiro ko ta rame, solon da kika auna a Maris ba shi za ki auna a Oktoba ba. Ku kuma a ina za ku ajiye? A ɗakin wata 'yar ƙungiya cikin gari, mai rufin kwano da taga ɗaya, ta ratsa zafin bazara, ta ratsa laimar Agusta? Wa zai riƙa tsincewa, ke da kike aji tun safe?

Ko da a ce ba ɗaya da za ta ruɓe, akwai abin da ya fi wannan damuna. Kuɗinku zai kwanta a ɗaki wata bakwai. A cikin watannin nan akwai Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, tiyar masara da ta gero suka fi kowane lokaci tsada. Don wannan lokacin ne matan nan suka haɗa kai tun farko. In mace ta zo da kwanonta a tsakiyar damina tana neman masarar tuwon dare aka ce mata sai albasa, ta fita daga ƙungiyar a zuciyarta ko da ba ta faɗa ba.

Maganar shugabarku cewa ajiya ba ta faɗuwa, ki tuna mata abin da kowa ya gani da idonsa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hatsi ya yi ta hawa har 2024 ya kai inda ba a taɓa gani ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mutane da yawa sun sayi hatsi da tsada a kakar shekarar suka kulle, suna jiran ya ƙara hawa kamar bara, sai 2025 ta zo farashi ya yi ƙasa, masu ajiya suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Masara ce fa wannan, wadda ba ta ruɓewa a mako guda. Manyan 'yan kasuwa masu jari sun ji a jikinsu, balle asusun mata 42.

To yaya ake zaɓe? Ana farawa daga tukunyar 'yan ƙungiya, kafin a je kasuwa. Ki ɗauki littafi ki bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ko ki tambaye su a taro: gidanki tiya nawa ta masara kuke ci a wata? Ta shinkafa fa? Wake, gero, dawa, manja, man gyaɗa? Ki rubuta da sunan kowacce. In kika tara za ki ga abu huɗu ko biyar ne suka cinye yawancin kuɗin cefanen kowa, kuma za ki ga adadin da ba ki da shakkar zai ƙare, tunda masu sayensa su ne masu kuɗin. Wannan shi ne ƙarfin ƙungiya a kan ɗan kasuwa: shi yana saye yana fatan mai saye ya zo, ku kun san masu sayenku da sunayensu da yawan bakin da ke gidajensu. Ƙungiyar da ake ɗauka uwar ƙungiyoyin gama kai na zamani, wadda mutum 28 suka kafa a garin Rochdale na Ingila a 1844, da ta buɗe shagonta ba ta da komai sai fulawa da sukari da man shanu da garin wani hatsi da 'yan kyandirori. Abin da gidajensu ke ci ke nan. Abin da suka riƙe shi ne kaya marar algus, awo cikakke, ciniki hannu da hannu, ribar kuma a raba wa kowa gwargwadon abin da ya saya. Da wannan suka girma.

A lissafin nan za ki ga albasa ta fito, amma kaɗan. Gida nawa ne ke cin solo guda a wata?

Bayan kin san abin da ake ci, sai ki tambayi kowane kaya: kwana nawa za ka yi a hannunmu kafin ka lalace, kuma yaushe za ka dawo mana da kuɗinmu? Masara da dawa da gero da shinkafa in sun bushe suna shekara. Su ne gindin asusu, kuma lokacin sayensu kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ko dai a Dawanau ko a kasuwannin da suka fi kusa da gona, irin su Giwa da Saminaka a Kaduna ko Dandume a Katsina, in kuɗin mota bai cinye sauƙin ba. Yanzu kaka ta wuce, amma har yanzu gara ki saya kafin ruwa ya sauka. Ki kuma riƙa duban kalanda: kafin azumi gero da wake da sukari ke gudu, saboda kunu da ƙosai da alale, kuma wanda ya jira sai an ga wata ya saya da tsada.

Kayan gwari kuwa dokarsu daban. Tumatir da tattasai da attaruhu ba a sa musu kuɗin asusu. Wadda take so ta rubuta, ta biya, a haɗa a sayo kwando a 'Yankaba da sassafe, a raba kafin azahar. Farashinsu ba ya da amana ko kaɗan. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, sun san yadda kwando ke tashi daga abin banza ya koma abin da ba a iya taɓawa cikin 'yan makonni. In kuna son cin moriyar arahar tumatir lokacin da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta cika, ku saya ku yanka ku shanya a kan tabarma ko leda mai tsabta, nesa da ƙasa da awaki, ku ajiye kauɗa don damina. Haka kuɓewa da barkono. Wannan ajiyar mata sun iya ta tun iyaye.

Yanzu ranar kasuwa, kuma a nan nake so ki natsu, domin a nan ake cutar sabon shiga. Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki saya a rumfar farko. Ki zaga ki ji farashi a wuri uku kafin ki buɗe jaka. Dillali zai kwance bakin buhu ya nuna miki na sama, wanda kullum shi ne mai kyau. Ki ce a soka ƙarfen nan mai rami a tsakiyar buhu da gindinsa, a zubo miki a tafin hannu. Ki watsa a faranti ki duba tsakuwa da ƙaiƙayi da ƙwayoyin da ƙwari suka huda. Ki ɗauki ƙwayar masara ki ciza: busasshiya za ta fashe da ƙara, mai laima za ta lotse a haƙori. In kina shakka, ki tafi da busasshiyar kwalba mai murfi da gishirin da kika shanya a rana. Ki zuba hatsin ya kai sulusin kwalbar, ki sa gishiri cokali biyu ko uku, ki rufe ki girgiza sosai, ki bar shi kamar minti 15 ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, ki bar shi komai arahar sa. Masara da gyaɗa masu laima suna yin funfuna, funfunar nan kuma tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. Kada ki ji kunyar wannan bincike ko ki ga kamar kin wulaƙanta mai kaya. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji laima. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ka ɗora shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni.

Wake ya fi kowanne buƙatar hanci. Ki cusa hannu ki ɗebo ki shinshina. In kika ji warin fiya-fiya, ko kika ga tsohon wake fes babu ƙwaro ko ɗaya a buhun da ba shi da leda, ki tambaya da me aka ajiye shi, in amsar ba ta gamsar da ke ba ki wuce. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, domin yaranmu ne ke cin waken nan a ƙosai da ɗanwake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin diklobos, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da dafawa. Ƙungiyarku tana iya tsare gidaje 42 daga wannan: ku sayi sabon wake a kaka, ku shanya, ku zuba a buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban. Ƙwaron yana mutuwa don rashin iska, ba a sa magani ko ɗigo. Jarka ko ganga mai murfin da ke rufuwa ruf ita ma tana yi. A ɗora buhun a kan katako, kada ya taɓa bango, a kiyaye ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin.

Sai lissafi, inda ƙungiyoyi da yawa ke cin uwar kuɗinsu suna zaton riba suke ci. Buhun hatsi tiya 40 ne a ƙa'ida. A ce misali kin sayi buhu naira 40,000, sai zuciya ta ce tiya ta kama 1,000. Amma ga la'adar dillali, ga kuɗin dako, ga mota, ga buhun ajiya, a ce sun tashi 3,000. Da kuka kawo gida kuka sheƙe kuka tsince, tiya biyu ta tafi. Ashe 43,000 za ki raba gida 38, tiya ta kama kusan 1,130 kafin a ɗora ko kwabo na riba. Wadda ta sayar a 1,100 tana murna, asara take yi. Don haka kowane buhu a auna shi a gaban mutum biyu ranar da ya iso, da kwano ɗaya tak na ƙungiya, wanda da shi ake karɓa da shi ake sayarwa. Farashinku ya ɗan gaza na mai awon unguwa, ya kuma ɗan ɗara abin da kaya ya kama. Kada ku yarda da bashi mai tsawo, kuma kada ku taɓa zuba duk asusu a kaya ɗaya, ko da masara ce. A bar wani abu a hannu.

Akwai kuma bambanci tsakanin tanadin abin da za ku ci da kulle abinci ana jiran mutane su shiga matsi. Na biyun addini ya hana, kuma kin ga yadda a Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, ko da yake 'yan kasuwar sun musanta. Ku ƙanana ne, ba wanda zai zo ya rufe muku ɗaki, amma kyau ne ƙungiyar da aka kafa don sauƙaƙa wa mata ta san wane gefe take.

Na dawo kan gidanku, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Kin shiga wannan matsin ne saboda an bar zaɓen kaya a hannun mace ɗaya. Muddin ke kaɗai ke cewa a saya ko kada a saya, yau wan miji ne, gobe ƙanwar shugaba ce da manjanta, jibi limamin unguwa da shinkafarsa. Ki nemi a kafa kwamitin sayayya na mutum uku, a rubuta ƙa'ida a littafin ƙungiya, a karanta a gaban kowa a amince: ana sayen abin da 'yan ƙungiya suka rubuta suna buƙata, a farashin kasuwa na ranar, bayan an duba samfur, duk wadda mai kaya ɗan'uwanta ne za ta faɗa da bakinta ta kuma janye daga wannan cinikin. Kowace mace ƙuri'a ɗaya, shugaba da mai ƙaramin zubi duk ɗaya. Ba a hana sayen kayan dangi ba. Sau da yawa ma ya fi, don kin san gonar kin san mai ita. Amma ya shigo ta ƙofar da kowa ke shigowa.

Kafin taron, ki je gidan shugabarku ku zauna ku biyu, ki kai mata littafin nan na buƙatun mata da lissafin watannin da kuɗi zai kwanta. Kada ta fara jin ra'ayinki a gaban jama'a, don babba ba ta son a kayar da maganarta a taro. In har ita da wasu suna sha'awar ajiyar albasa, hanya a buɗe take: su haɗa kuɗinsu na kansu daban, su yi yarjejeniya da wan mijinki ya ajiye a rumfarsa tunda shi ya san kanta, riba tasu asara tasu.

Mijinki kuwa yau da dare za ki gaya masa, dalla-dalla, har da adadin abin da ke asusu da abin da zai biyo baya in albasar ta ruɓe: sunanki ne zai ɓaci a unguwa, kuma sunan yayansa ne za a riƙa kira a duk taro. Shi ya kamata ya yi wa yayansa magana, namiji da ɗan'uwansa sun fi fahimtar juna a harkar kuɗi, ke kuma matar ƙane ce, akwai nauyi a tsakaninku. Kada ya je hannu rabbana. Ki tambayi mata wa ke son albasar wata ɗaya ko biyu, a tara, a sayi wannan a wurin Yaya a farashin ranar, kuɗi a hannu, wasu biyu daga kwamiti su duba su yi ciniki ba ke ba. Zai yiwu solo biyar ne ko shida. Ba abin da ya so ba ne, amma kuɗi ne tsabarsa a lokacin da yake nema, kuma in kayansa ya yi kyau ya samu masu saye na kowace shekara. Sauran ya kai kasuwar Karfi ko ta 'Yankaba, ko ya ajiye da kansa in ya yarda da ingancinta.

Wurin surukarki Hajiya kuma kada ki aika, kada ki yi ta waya, zumunci a ƙafa yake. Ki je da kanki ki durƙusa ki gaishe ta, ki bari ta gama faɗin nata. Sannan ki ce, "Hajiya, kuɗin nan ba nawa ba ne, na mata 42 ne, kuma ba ni kaɗai ke yanke magana ba. In aka yi asara Yaya za a zaga a unguwa, ni kuma ba zan iya jin ana zaginsa ba. Ga abin da na iya samo masa." Mai yiwuwa ta ɗaure miki fuska kwana biyu. Ki jure, ki ci gaba da gaisuwa da aike kamar yadda kika saba, kada ki rage komai.

In kuma duk da haka taro ya rinjaya a kan a kwashe albasar, to ki nemi a rubuta a littafi cewa kin faɗi dangantakarki da mai kaya, kin ba da shawarar kada a saya, kuma ba ki sa hannu a cinikin ba. Ki bar wasu su karɓi kuɗin su auna kayan. Allah ya warware miki, ya sa albarka a zubin matan nan da gonar Yaya baki ɗaya.